Shekara bakwai ina koyarwa ba NCE: in sayi takarda ko in koma karatu?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Talata Mafara, shekarata 32, 'ya'yana uku. Ina da difloma ta ND a fannin kasuwanci, kuma shekara bakwai ke nan ina koyarwa a wata firamare mai zaman kanta, 'yan aji uku nake riƙewa. Da la'asar kuma ina taimakawa a islamiyyar unguwarmu. Wallahi Anti ina son aikin nan, iyayen yara ma suna yabawa.

To a farkon zangon nan mai makarantar ya tara mu, ya ce duk wanda ba shi da takardar shaidar malanta ta NCE da rajistar hukumar malamai ta TRCN ya san inda dare ya yi masa, don shi ma an matsa masa daga sama. Ina ji ina gani gwamnati ta ɗauki malamai, har waɗanda ni na koya wa riƙon aji sun samu, ni ko fom ban isa in cika ba.

Na yi wa maigidana maganar komawa karatu. Ya ce bai hana ni ba, amma bai yarda in tare a Gusau ko Maru in bar masa yara ba, ga halin da hanya take ciki. Surukata kuwa cewa ta yi karatun me kuma bayan 'ya'ya uku. Ana cikin haka wata abokiyar aikina ta haɗa ni da wani mutum. Ya ce in kawo naira 200,000 da hotuna, cikin wata biyu zai kawo mini takardar NCE da ta TRCN, wai har a kwamfuta za a ga sunana. Kuɗin suna hannuna, adashina ne na ɗauka. Zuciyata ta kasu biyu, don aikin dai na iya shi, takardar ce kawai babu. Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa ba: ba ni da kiredit a lissafi. Don Allah ki ba ni shawara.

Wata malama daga Talata Mafara

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kada ki ba mutumin nan ko sisi, kada kuma ki ba shi hotonki ko kwafin takardunki. Wannan na fara da shi ne don ko da ba ki karanta sauran ba, kin ji wanda ya fi muhimmanci.

Abu biyu ne zai iya faruwa idan kin biya. Ko dai ya karɓe kuɗin adashinki ya kashe waya, ki rasa wanda za ki kai wa ƙara, don ba ki da bakin cewa kin je sayen takardar jabu an cuce ki. Ko kuma ya cika alkawari ya kawo miki takarda mai hatimi da sa hannu, mai kyan gani, wannan kuwa shi ya fi muni. Kowace kwaleji tana ajiye kundin ɗalibanta: lambar shiga, sakamakon kowane zango, makarantar da aka tura ɗalibi koyarwar gwaji, da jerin sunayen waɗanda suka kammala a kowace shekara. Mai tantancewa ba kyan takarda yake kallo ba, wasiƙa yake rubuta wa kwalejin ya ce ku duba mana wance, ta yi karatu a wurinku? Shafin kwamfuta da mutumin zai nuna miki a wayarsa kuwa, yaro mai shagon intanet ma zai iya haɗa irinsa.

Kuma tantancewa a aikin gwamnati ba sau ɗaya ake yin ta a wuce wurin ba. Ana yi ranar ɗauka, ana yi idan ƙarin girma ya zo, ana yi duk lokacin da sabuwar gwamnati ta shiga farautar ma'aikatan bogi, ana kuma buɗe fayil ɗin mutum tun daga shafin farko idan ya zo ritaya. Ki auna: ki yi shekara ashirin kina shan ƙurar alli, ranar da za a lissafa miki garatuti a ce takardar da aka ɗauke ki da ita ba ta da asali. Aiki ya tafi, fansho ya tafi, kuma ƙirƙirar takardar jabu laifi ne da ake gurfanar da mutum a kotu a kansa. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Kafin ma a kai can, mutum biyu sun riƙe sirrinki, shi da abokiyar aikin da ta haɗa ku. A Mafara kike zaune, ba a Legas ba. Kowa ya san ba ki taɓa fita karatun NCE ba, ranar da aka ga sunanki a jerin waɗanda aka ɗauka, maƙwabciyarki ce za ta fara tambaya yaushe kika yi.

Ko da a ce ba za a taɓa kama ki ba, ban yarda ki yi ba. Takardar makaranta shaida ce: wasu malamai sun sa hannu cewa wance ta zauna a gabanmu, mun koya mata, mun gwada ta, ta ci. Mu ba baƙin wannan tsari ba ne. Malaman zaure tun da can suna ba almajiri ijaza idan ya sauke littafi a hannunsu, kuma Nana Asma'u 'yar Shehu, da ta kafa 'yan taru, ba kowace mace take tura wa ƙauye ta karantar da mata ba, sai jajin da ta horar da kanta ta naɗa mata malfa. Wadda ta sayi takarda ta sa an yi mata shaidar zur ke nan, ta kuma ci albashi a kanta wata bayan wata. Ke da kike karantar da yara a islamiyya kin san hadisin da ya ce wanda ya algushe mu ba ya cikinmu. Ba zan tsawaita wa'azi ba, don da zuciyarki ta kwanta da abin da ba ki rubuto mini ba.

Yanzu maganarki ta cewa aikin kin iya shi. Na yarda da rabinta. Wadda ta riƙe 'yan aji uku shekara bakwai ta san yadda ake sa yara arba'in su yi shiru ba tare da bulala ba, ta san yaron da ya zo da yunwa da wanda ya zo da zazzaɓi tun daga bakin ƙofa, kuma babu lakcar da take koya wannan. Amma akwai rabin da gogewa kaɗai ba ta bayarwa. Me ya sa yaro zai haddace shafi guda ya rera miki shi, amma ki nuna masa kalma ɗaya daga tsakiya ya kasa karantawa? Ta ina ake fara koya wa yaro haɗa baƙi da wasali a harshensa kafin a ɗora masa Turanci? Yaya ake tsara tambayoyin jarrabawa da za su nuna wanda ya gane, ba wanda ya fi hadda ba? Yarinyar da kullum take kwafar allo ba daidai ba, daƙiƙiya ce ko idonta ne ba ya gani daga baya? Waɗannan su ake zaman koya a NCE, kuma mai gogewa irinki ta fi 'yar shekara goma sha takwas amfana da su nesa ba kusa ba, don duk abin da malami ya faɗa a lakca akwai fuskar wani yaro da za ta zo miki a rai.

Ki kuma tuna abin da ya faru a Kaduna a 2017, lokacin da gwamnatin jihar ta yi wa malaman firamare jarrabawar 'yan aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai makin da aka yanka ba, aka sallame su. An yi ta jayayya kan adalcin wannan gwaji, ƙungiyar malamai ta NUT ta yi yajin aiki, amma abin lura a gare ki shi ne, malamai ne da ke kan aiki da takardun ɗauka a hannu, kuma takardun ba su cece su ba ranar da aka ajiye musu tambaya da biro. Yanzu an saba yi wa masu neman aikin koyarwa jarrabawa kafin a ɗauke su. Mutumin naki ba zai shiga ɗakin ya rubuta miki ba.

Bari in raba miki takardun nan biyu, don mutane suna haɗa su kamar abu ɗaya ne. NCE takardar karatu ce, kwalejin ilimi ke bayarwa bayan shekara uku ga mai karatun cikakken lokaci, kuma ita ce mafi ƙarancin abin da manufar ilimi ta ƙasa ta yarda a shiga aji da shi tun da aka daina amfani da tsohuwar takardar Giredi Tu. TRCN kuwa hukumar rajistar malamai ce ta tarayya, an kafa ta da doka a 1993. Ba ta koyar da kowa, ba ta kuma ɗaukar kowa aiki. Abin da take yi shi ne ta duba cewa kina da takardar fannin ilimi, ta yi miki jarrabawar cancanta a kwamfuta, wadda aka fara tun 2017, idan kin ci ta ba ki takardar rajista da lasisin koyarwa da ake sabuntawa lokaci-lokaci. Rukuni huɗu take kasa malamai: masu digirin digirgir a A, masu digiri na biyu a B, masu digiri na farko a C, masu NCE a D. Kin ga babu gurbin ND a ciki. Don haka ba a tsallake ta farko a kama ta biyu, kuma duk wanda ya ce zai samo miki TRCN da difloma ta kasuwanci ƙarya yake yi tun daga tushe. Kuɗin hukumar a asusun gwamnati ake biya a karɓi rasit, ba a asusun wani mutum ba, kuma tana da ofis a Gusau kamar yadda take da shi a kowace jiha.

Matsin da mai makarantarku yake magana a kai ma ba ƙirƙirarsa ba ce. Gwamnatin tarayya ta taɓa sa ƙarshen 2019 a matsayin wa'adin fitar da malamai marasa rajista daga aji. Wa'adin ya wuce ba a kori kowa da kowa ba, amma tun daga nan igiyar ƙara tsukewa take yi, ba sassautawa ba.

To wace hanya za ki bi? Akwai wadda za a yi ta ba ki shawararta wadda ba taki ba ce: PGDE, diflomar koyarwa ta shekara guda ko ɗan fiye. Ta masu digiri ce da masu babbar difloma ta HND waɗanda ba su karanta fannin ilimi ba. Da ND ba za a ɗauke ki ba. Idan kika ce sai kin bi ta nan, sai kin koma kin yi HND shekara biyu a aji kullum, sannan ki ɗora PGDE, ga shi duk tsawon lokacin kasuwanci kike karantawa ba koyarwa ba. Ban ga ribarta gare ki ba.

Akwai digiri a fannin ilimi. Jami'o'i suna ɗaukar mai ND mai sakamako mai kyau kai tsaye zuwa aji biyu idan kwas ɗin ya dace da abin da ya karanta, kuma jami'ar karatu daga gida ta NOUN tana da cibiya a Gusau. Mai digiri a mataki na 8 yake fara aikin gwamnati, mai NCE a mataki na 7, saboda haka hanyar tana da daɗin ji. Sai dai raunin sakamakonki na sakandare zai iya tare ki a ƙofa, kuma karatu ne da yake son mai kwamfuta ko babbar waya, da data, da lokacin zama shi kaɗai da littafi. Ki ajiye ta a ranki don gaba. Mai NCE ma ana ɗaukarta kai tsaye zuwa aji biyu, ƙofar ba za ta rufe ba.

Saura NCE, kuma nan ne jiharku ba ta yi rashi ba. Akwai Kwalejin Ilimi ta Jiha a Maru, a kan hanyarku ta zuwa Gusau. Maru tsohon gari ne a harkar horar da malamai, a can Malam Aminu Kano ya koyar kafin ya ajiye aikin gwamnati a 1950. Akwai Kwalejin Ilimi da Ƙere-ƙere ta Tarayya a Gusau, wadda aka kafa domin mata, abin da yake kwantar wa magidanta da yawa hankali. Da ba ki da aure da aiki da yara, da can zan tura ki, don zama a aji kullum a gaban malami ya fi kowane irin karatu shiga. Amma ke da halin da kika bayyana, ni da ni ce, Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa zan nufa, wato NTI. Hedikwatarta tana Kaduna, an kafa ta a 1976 lokacin da shirin ilimin firamare kyauta na UPE ya cika azuzuwa da yara aka rasa ƙwararrun malamai, kuma an yi ta ne takanas domin irinki: malamin da yake kan aiki ba shi da takarda. NCE ɗinta shekara huɗu ce, ana ba ki littattafan darasi ki karanta a gida, a haɗu da malamai a cibiyar karatu a ƙarshen mako da lokacin hutun makaranta. Ba ki bar aikinki ba, ba ki bar ɗakinki ba, kuma TRCN ta san da takardar. Ki je ofishinsu na jiha a Gusau da ƙafarki, zuwa da kai ya fi saƙo, ki tambayi cibiyar da ta fi kusa da Mafara da kwasa-kwasan da ake yi a cikinta da lokacin sayar da fom. A wannan tafiyar ki tsaya Maru ki tambayi tsarinsu na masu aiki, ki kwatanta kwanaki da kuɗi kafin ki yanke.

Ba zan ɓoye miki aibin irin wannan karatu ba. Babu mai tsaya miki a ka. Akwai masu zuwa sai jarrabawa ta matso, su nemi wanda zai yi musu aikin gida, su fito bayan shekara huɗu da takarda ta gaskiya da kai fanko, kuma tsakaninsu da mai saye tazarar ba ta da yawa. Idan za ki yi, ki ware sa'a guda kullum wadda ba ta kowa ba, bayan asuba kafin gida ya tashi ya fi, don bayan isha'i matar da ta yi firamare da islamiyya da girki barci ne kawai a idonta. Ki nemi mata biyu ko uku da kuke cibiya ɗaya ku riƙa bita tare.

Wajen zaɓen kwas, za a ce ki ɗauki ilimin kasuwanci tunda shi kika sani. Idan burinki ƙaramar sakandare ne, to. Amma kin ce 'yan aji uku kike riƙewa kuma kina son aikin, saboda haka ilimin firamare zan ce ki ɗauka. Mutane suna raina shi, suna ganin wanda ya rasa abin yi ne yake karanta shi, alhali kuwa a aji ɗaya zuwa uku ne ake samun yaro ko a rasa shi. Wanda ya wuce aji uku bai iya karatu ba, da wuya ya kamo, haka zai yi ta jan ƙafa har ya bar makarantar. Malamar da ta ƙware a wannan mataki ba ta rasa mai nemanta, ko a gwamnati ko a masu zaman kansu. Idan lokacin koyarwar gwaji ya zo, TP da kike ji ana faɗa, ki tambaya ko za a bari ki yi a makarantar da kike, masu dubawa su same ki a ajinki.

Ki kuma yi hattara da ƙananan wurare da suke buɗewa a shaguna da azuzuwan haya suna cewa reshen wata kwaleji ne, NCE a shekara biyu, ba zuwa aji. Hukumar kula da kwalejojin ilimi ta ƙasa, NCCE, ita ke amincewa da kwaleji da kwasa-kwasanta, kuma tana da jerin sunayen waɗanda ta sani. Wurin da ba ya cikin jerin, takardarsa da ta mutumin naki duk ɗaya ne, bambancin kawai wannan a hankali zai cinye kuɗin.

Lissafi kuma. Na ji daɗi da kika faɗa, don da shi za ki fara. Sharuɗɗan shiga sukan canza, wata makarantar ma za ta iya ce miki zo haka nan ki gyara daga baya. Ko an ce haka, ki gyara yanzu. Rashin kiredit ɗin nan zai iya riƙe miki sakamako a ƙarshe, zai iya tare ki ranar da kika nemi digiri, kuma malamar firamare lissafi take koyarwa ko tana so ko ba ta so. NECO da WAEC duk suna da jarrabawar masu zaman kansu wadda ake yi wajen ƙarshen shekara, kuma an yarda a haɗa sakamakon zama biyu. Ki nemi malamin lissafi na sakandare, ko a makarantarku ko a dangi, ki biya shi ya zauna da ke wata uku ko huɗu da tsofaffin tambayoyi. Za a nuna miki cibiyoyin da ake biya a rubuta wa mutum amsa a allo. Wannan ma ki bar shi, dalilin bai canza ba.

Sai maigida. Ki lura da abin da ya ce, don bai ce a'a ba. Sharuɗɗa biyu ya kafa, kada ki tare a wani gari, kuma yana tsoron hanya, duka biyun kuwa maganar mai hankali ce. Babu wanda yake zaune a Zamfara da zai ce tsoron hanyar Mafara zuwa Gusau shaci-faɗi ne. Kada ki koma masa da kuka ko da cewa matar wane ma an bar ta. Ki koma da takarda a hannu bayan kin dawo daga tambayar: ga kwanakin da zan fita a wata, ga inda cibiyar take, ga wadda za ta riƙe yara ranar Asabar, ga abincin da zan gama kafin in fita, ga kuɗin zango. Ku yi yarjejeniya a kan tafiya: mota daga tasha ba a bakin hanya ba, fita bayan rana ta ɗaga, dawowa kafin la'asar sakaliya, ranar da aka ji labari maras daɗi a hanya a haƙura da lakcar. Lokacin jarrabawa, idan a Gusau ne, ku nemi gidan 'yan'uwa da ya yarda da shi ki kwana biyu maimakon kai da kawo. In da hali ma ki roƙe shi ya raka ki zuwan farko. Namijin da ya ga wurin da idonsa, ya gaisa da jami'in cibiyar, ya ga matan aure sa'o'inki da goyo a baya suna cika fom, ya fi saurin sakin jiki, kuma daga ranar karatun ya zama nasa shi ma.

Hajiya surukarki kuwa ba ke za ki yi muhawara da ita ba. Ɗanta ne zai gaya mata, a matsayin abin da ya riga ya amince da shi. Naki shi ne kada hidimar da kika saba yi mata ta ragu a watannin farko, don a nan za ta auna ko karatun ya ɗauke ki. Idan ta sake cewa karatun me bayan 'ya'ya uku, ki yi dariya ki ce Hajiya ki sa mini albarka. Ba kowace magana ake ba amsa ba.

Game da shekaru, za ki gama kina da 36 ko 37. A ƙa'idar da aka saba ma'aikaci yana ritaya ne a shekara 60 da haihuwa ko 35 a aiki, kuma dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2022 ta ɗaga wa malamai zuwa 65 ko 40, duk da cewa jihohi kowace da lokacin da take ɗaukar tsarin. Ko ta wane lissafi kina da fiye da shekara ashirin a gaba. Abin da zai iya cutar da ke shi ne jinkiri, don wasu tallace-tallacen ɗaukar aiki suna sa iyakar shekaru. Kada fom ɗin bana ya wuce ki.

Mai makaranta kuma, ranar da takardar shiga ta zo hannunki, ki kai masa kwafi ki ce ga shi na fara. Malamar da iyaye suke yabo ba a sakinta da sauƙi, kuma shi ma yana buƙatar abin da zai nuna wa masu duba makarantu cewa malamansa suna kan hanya. Ki nemi ya rubuta miki takardar shaidar shekarun da kika yi masa aiki, da hatimin makaranta, ki adana. Idan duk da haka ya sallame ki, ki buɗe darasin yamma a gida ga yaran unguwa kafin ki sami wata makarantar. Zai riƙe ki da kuɗin mota da na littafi.

Naira 200,000 ɗin nan ki cire su daga ɗaki tun kafin biki ko suna ya cinye su. Ki sa a asusu daban, ki fara da kuɗin jarrabawar lissafi da na malamin da zai koya miki, sannan fom da kuɗin zangon farko. Ki ci gaba da zubin adashi, ki roƙi uwar adashi ta daidaita ɗaukarki da lokacin biyan kuɗin makaranta. Idan daga baya tsarin cikakken lokaci kika zaɓa, ki tambayi kwalejin game da bashin karatu na NELFUND da gwamnatin tarayya ta fara bayarwa a 2024, wanda ba ruwa a kansa, da kuma tallafin karatu na jiha.

Kada in yi miki alkawarin da ba nawa ba: NCE da TRCN ba sa ba da aiki, damar cika fom suke bayarwa. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, ita ke ɗaukar malaman firamare, kuma ba kowace shekara take ɗauka ba. Gwamnatin Zamfara ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a 2023, buƙatar malamai mata kuwa a bayyane take, musamman a garuruwan da iyaye suka fi sakin 'ya'yansu mata idan mace ce a gaban aji. Amma masu nema suna da yawa, wani lokacin kuma inda za a tura mutum ba inda yake so ba ne. Ko gwamnati ba ta ɗauke ki da wuri ba, da lasisi a hannu kina da bakin neman ƙarin albashi, kina iya zama shugabar makaranta, kina iya tunanin buɗe taki wata rana.

Tun yanzu kuma ki fara saba hannunki da kwamfuta, don jarrabawar TRCN a kanta ake yi, kuma akwai malaman da suka san amsa sarai amma lokaci ya ƙare musu suna neman inda za su danna. Sa'a guda a mako a shagon kwamfuta ta isa. Kafin ki cika kowane fom, ki baje takardunki a tabarma: ta firamare, ta sakandare, ta ND, takardar haihuwa, ta shaidar ƙaramar hukuma da katin NIN. Ki duba suna da ranar haihuwa harafi bayan harafi. Idan a wata an rubuta sunan mahaifinki, a wata kuma na maigida, ko shekarar haihuwa ta bambanta, ki je kotu ki yi takardar rantsuwa ki daidaita su tun kafin sunan ya hau kundin kwaleji, kuma sunan da yake kan sakamakonki na sakandare shi za ki ci gaba da amfani da shi a NCE da TRCN.